Maganar Bidiyon Inna

Unguwar Wambai, Suleja.

Zuwa ga Yaya Sha'aibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi, har tana taka ƙafa zuwa kasuwa.

Yaya, na rubuto ne domin ranar da ka bugo waya ranka a ɓace yake, ban samu bakin magana ba. Ka ce abokan aikinka sun nuna maka mahaifiyarmu a waya ana ta dariya, ka ce a goge bidiyon duka. Ban ga laifinka ba, amma ka ji yadda aka yi.

Ɗana Saifullahi da abokinsa Chidi, wanda iyayensa ke haya a gidanmu, su suka fara. Abin da ke damunsu shi ne matafiya su wuce ta Diko, su ɗauki hoton Dutsen Zuma ta tagar mota, su zarce Abuja, ba mai ratsowa cikin gari. Sai suka shiga yin bidiyon barkwanci, Chidi ya rataya jaka kamar baƙon da ya ɓata, yana tambayar hanyar Abuja da gurguwar Hausa. Ran nan suna ɗauka a ƙofar gida, Inna ta leƙo daga zaure, ba wanda ya sa ta, ta ce masa ai ya iso, nan ce Abuja, waccan aron suna ta yi har yau ba ta mayar ba. Sai da suka nemi izininta kafin su saka a intanet, kuma bidiyon nan shi ne ya zaga duniya. Daga nan ta riƙa kai su kasuwa da wajen masu ginin tukwane. Yanzu duk Asabar sai ka ga baƙi a gari, su sayi tukunya, su ci masa, su tambayi gidan tsohuwar nan.

Ni ma abin bai kwanta mini duka ba. Akwai masu rubuta maganar banza a ƙarƙashin bidiyon, wani ma ya faɗo mana tsakar gida ba sallama, waya a hannu. Ranar na yi wa Saifullahi faɗa sosai, muka hana ɗaukar komai a cikin gida, kuma ba a saka wani abu sai ni da Inna mun gani. Sai dai akwai abin da ba ka gani ba. Tun rasuwar Baba, Inna ba ta fita ɗaki sai alwala, magana ma da ƙyar. Yanzu ita ke tambaya ina za a je yau, tana ba mu labarin garin nan kafin a canja masa suna daga Abuja zuwa Suleja, labaran da ko mu ba mu taɓa ji ba.

Na isar mata da saƙonka. Ta ce ta girme a koya mata bambancin wanda ke dariya tare da ita da wanda ke yi mata dariya. Amma ta ce kai ne babba, ba a yar da maganarka. Ka zo da Sallah, gani ya kori ji, in ka ce a bari za ta bari. Ta ƙara da cewa baƙi daga Kaduna da Minna sun gano ƙofar gidan nan, ɗanta na fari ne ya manta hanya. Da murmushi ta faɗa, Yaya, amma na ga ta share ido da bakin mayafi. Zumunta a ƙafa take.

Ka gaida mini Anti Khadija da yara. Saifullahi na gaishe ka, ya ce ka yafe masa. Inna tana sa muku albarka.

Wassalam, ƙanwarka,
Saudatu.