Buhun da ke Rataye a Zaure

Daura, ranar Talata.

Zuwa ga Gwaggo Barakatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gwaggo, ki yafe mini ƙarfin halin da na yi na rubuto miki, ni da ko gaisuwa a waya sai Umma ta tura mini ita a kunne. Na san in na kira, bakina ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauki biro. Ina fata kina lafiya, ke da Baban Yazid da yara, da fatan sanyin Jos bai matsa muku ba. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa aikinki albarka. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, an kuma gama shigar da gero rumbu.

Maganar kyanwar marigayiya Iya ce, Kyauta, wadda take kwana a bakin tabarmarta. Shekara biyu da rasuwar Iya, yanzu kyanwoyi goma sha ɗaya ne a gidan, har da biyun da na tsinto a bola an jefar da su. Kyauta ta sake haihuwa kwana takwas da suka wuce, 'ya'ya huɗu, ko ido ba su buɗe ba. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Abinci ba ya isarsu, sai suka fara tsallaka katanga, suka cinye 'yan tsakin Inna Rabi maƙwabciyarmu guda bakwai. Ta shigo da kanta ta gaya wa Baba cewa in bai ɗauki mataki ba, ita za ta zuba maganin ɓera a tuwo ta ajiye a bayan katanga.

Gwaggo, akwai laifina a ciki, kuma ban gaya wa kowa yadda yake cina ba. A darasin aikin gona malaminmu ya ce jefar da kyanwa ba ya rage su, sai dai su je su hayayyafa a wani wuri cikin yunwa. Ya ce maganin shi ne a yi musu aikin hana haihuwa, maza da mata. Na zo gida da murna na gaya wa Baba, amma kunya ta hana ni yin bayani sosai, ban faɗa masa cewa sai likita ba. Baba ya ce ai wannan mai sauƙi ne, ya kira Malam Kabo mai dandaƙe mana bunsuraye. Malam Kabo ya ce bai taɓa yi wa muzuru ba, amma dabba ai dabba ce. Ya ɗaure jan muzurunmu da roba kamar yadda yake yi wa bunsuru. Wurin ya kumbura, ya daina ci, ya shige ƙarƙashin rumbu yana kuka. A kwana na huɗu na jawo shi ya sandare. Ni na binne shi a gindin zogalen Iya.

Tun ranar Baba ya ce kada wanda ya sake yi masa maganar boko a kan kyanwa. Ya ce ya ɗauki alhakin rai ɗaya saboda ni, ba zai ƙara ba. Gara ya kai su daji da ransu, Allah ya ciyar da su. Ranar Lahadi zai kai awaki kasuwar Mai'adua, zai zuba kyanwoyin duka a buhu ya sauke su a hanya. Buhun yana nan rataye a zaure, kullum sai na wuce ta gabansa in zan tafi makaranta. Gwaggo, waɗanda ba su buɗe ido ba ko la'asar ba za su kai ba.

Ke likitar dabbobi ce, kuma ke ce yayarsa. In kika ce masa ba haka ake yi ba, akwai allurar barci da magani, zai ji. Ni ba zai ji ba. Don Allah ki kira shi kafin Lahadi, ki roƙe shi ya jinkirta. In ba za ki samu zuwa ba, ki faɗa mana wanda za mu je wurinsa a Daura ko Katsina, ni zan riƙe su a kwando a mota. Na samu ƙawaye uku da iyayensu suka yarda su karɓi ɗaya ɗaya saboda ɓera, in dai kyanwoyin ba za su haihu ba. Na kuma yi wa Inna Rabi alkawarin kazata mai kwanci, ta ce za ta jira zuwa Lahadi, ba ƙari.

Ki gaida Baban Yazid, da Yazid da Amatullah. Umma tana gaishe ki, ita kaɗai ta san na rubuto. Don Allah kada ki yi wa Baba faɗa a kan muzurun, shi ma ranar bai ci tuwo ba.

In ban dame ki ba, ki ba ni izini in sake rubuto miki ranar Litinin. Ina roƙon Allah abin da zan gaya miki shi ne buhun yana nan a zaure, babu komai a cikinsa.

'Yarki,
Khairunnisa Amadu