Wa Zai Rera Mini Waƙar Sallama?

Uwargida Philomena, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina.

Tun ina saurayi nake waƙar Latin a cocinmu a Buffalo. Mu huɗu ne, ni da abokaina uku. Duk wanda ya rasu a unguwa, mu ke raka akwatinsa zuwa ƙofar coci da waƙar sallama, wadda ake roƙon mala'iku su tarbe shi. Na rera wa mahaifiyata. Na rera wa matata Leokadia, murya na rawa, amma na kai ƙarshe. Abokaina ma sun tafi ɗaya bayan ɗaya, ranar jana'izar Kazimierz, na ƙarshensu, ni kaɗai na tsaya.

Yanzu likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwarona. Za a yi mini aiki bayan bikin Ista, kuma muryar ba za ta dawo ba. Ba mutuwa nake tsoro ba. Mawaƙan yanzu da Turanci suke yi, da jita, mutanen kirki ne, amma ba su san waƙar ba. 'Yata Bernadette ta ce kada in damu, in lokaci ya yi za ta kunna mini ita a waya. A waya fa! Na shiga gareji na yi kuka kamar yaro. Na raka kowa, ni babu mai raka ni.

Tsohon Mawaƙi

Baba, sannu. Wasiƙarka ta sa ni hawaye.

Kukanka yana kan hanya. Wannan waƙa addu'a ce da mai rai yake yi wa wanda ya tafi, waya kuwa ba ta addu'a. Amma kada ka riƙe Bernadette a zuciya. Ita ma tsoro take ji, abin da ke hannunta ta miƙa maka. Mawaƙan jita kuma ba ƙin Latin suka yi ba, ba a koya musu ba ne.

Har yanzu kana da murya. Ka ga Fada a makon nan, ka roƙi ya haɗa ka da su. Waƙa ɗaya kawai za ka koyar, ka fassara musu kowane layi. Za su karya kalmomin, ka daure, ban da tsaki.

Ka fara da 'yarka, a teburin cin abinci. Ka gaya mata ƙarara cewa muryarta kake so a ranar, ko da za ta yi kuka a tsakiya ta kasa ƙarasawa.

Allah ya sa a yi aikin a sa'a, ya kuma nisanta wannan rana.

Philomena