Hawan Jinin Kunne

Malama mai fili, a taimake ni kafin a kore ni daga gidan da ni na gina.

Ni bakanike ne. Boko na tsaya a aji huɗu, shi ma malamin ne ya gaji, ba ni ba. 'Yata ta biyu, wadda nake kira Manaja don ita ke juya mu duka, ta je ta ƙara huda kunne daga sama. Hujin ya warke, amma tabon ya yi ta tasowa har ya kai noti lamba goma, ga ƙaiƙayi. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma jan ɗankwali har kan kunne, hoto ma sai ta dama ake ɗaukarta.

Likitan fata ya rubuta mata man shafawa. Na ɗauka ina harhaɗa baƙaƙen, sai na ji kamar na san sunan. Na ɗauko kwalin ƙwayar hawan jinina na jera su. Verapamil nan, verapamil can. Na ce likitan nan ya cakuɗa takardu, wani tsoho yana can da maganin kunne. Jinin yarinya lafiya lau, in aka saukar da shi ina zai je? Na ɓoye man a akwatin sifana.

Yau sati uku. An birkice gidan ana nema, da ni a ciki, har katifa na ɗaga. Manaja ta ɗora wa yayarta laifin, wadda dama ba ta ganin abin shafa ta ƙyale. Ɗaki ɗaya suke kwana, amma yanzu sai dai uwarsu ta kai saƙo tsakanin gado da gado. Kuma tunda na fara tona asirin kaina, bari in ƙarasa: man ya ragu. Don kada ya lalace, ina ɗan shafawa a damtsen da ake ɗaura mini abin awon jini. Jinin bai sauka ba, amma damtsen ya yi sheƙi.

Likitan ne ya yi kuskure, ko ni? Kuma ta yaya zan mayar da man girmana bai zube ba?

Mai Aji Huɗu

Baban Manaja, karatunka daidai ne, fassarar ce ta kauce hanya. Magani ɗaya ne, aiki biyu. Yana tare ƙofofin da sinadarin kalsiyam ke shiga ƙwayoyin jiki. In ka haɗiya, jijiyoyin jini su saki, jini ya sauka. In an shafa a tabo, ƙwayoyin fatar da suka ƙi daina gini bayan ciwo ya warke sai su rage zuba naman tabon, wanda ya taru kuma ya riƙa narkewa. A hankali tabon kan yi laushi, ya kwanta, ƙaiƙayi ya ragu. Ɗan abin da ke ratsa fata ba kasafai yake taɓa jinin mai lafiya ba.

Aikin na watanni ne, kuma ba kowane tabo ke jin shafawa kaɗai ba, wani sai an haɗa da allura. Manaja ta koma ta faɗa wa likita sati uku ba ta shafa ba. Kai kuma ka ci gaba da ƙwayarka, damtse ya huta.

Tsoronka na uba ne, ban ga laifinsa ba. Laifin shi ne tambayar da za ka yi wa mai kemis cikin minti ɗaya ka mayar da ita gaba tsakanin 'ya'yanka. Kada ka jefa man bayan kujera a ce an tsinta, zargin zai ci gaba da bin yayar. Ka tara su, ka miƙa shi da hannunka, ka fara ba yayar haƙuri. Za su yi maka dariya har shekara, amma tare za su yi ta.

Allah ya kwantar da tabon, ya daidaita tsakanin 'yan matanka.