Wasan da na kai aji

Litinin, 14 ga Oktoba
Na shiga ajin ilimin zamantakewa da tabarau uku na masana, kamar kullum. Wani ya kalli al'umma ya ga jiki guda, ido na yi wa ƙafa aiki. Wani ya ga kokawa a kan akushi. Na ukun ya ce ku bar akushin, ku dubi abin da mutane ke nufi da kallo da gaisuwa. Yara na son na biyun, jininsu da zafi. Na ce ran Laraba za mu gwada su a kan maganar da 'yan siyasa ke ta yi a wajenmu: a raba wa manoma burtali, ko a bar wa shanu hanyarsu.

Laraba, 16 ga Oktoba
Na yi ɓarna yau.

Muhawara ta yi sanyi, sai idona ya faɗa kan Halimatussa'adiyya, Bafillatana ɗaya tilo a ajin, daga wajen Gwiwa. Ni kuwa Babarbare, wasan Fulani da shi aka yaye ni. Na ce, "Baiwata, tashi ki faɗa mana me ya sa shanunku suka fi son dawar mutane." Aji ya fashe da dariya. Musaddiƙ, wanda ba wasa tsakaninsa da ita, ya ɗora nasa, na baya suka kama kukan shanu. Ta miƙe tsaye don na ce ta tashi. Ni ma na yi dariyar. Wannan ne ke cina.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Aisa ta ce tun da ta aure ni bakina ke riga hankalina fita ƙofa. Na ce wasan kakanni ne. Ta ce, "Ita za ta iya ce maka bawa a gaban aji, alhali kai ke ba ta maki?" Na ce tuwon ya yi gishiri.

Litinin, 21 ga Oktoba
Halimatussa'adiyya ba ta zo aji ba.

Laraba, 23 ga Oktoba
Yau ma. Zubaida, ƙawarta, ta ce tana maganar barin karatun gaba ɗaya. Ashe bana aka nome hanyar da shanunsu ke bi zuwa ruwa, babanta Hamma har ya fara kai su kasuwar Babura. Ni na mayar da abin tatsuniya. Kuma ni ne mai koya wa yara cewa magana ɗaya tana sauya ma'ana idan ta sauya wuri!

Asabar, 26 ga Oktoba
Na hau ɗan acaɓa har rugarsu, ƙuguna ya gaya min. Hamma ya gan ni ya ce yau ga bawansa ya kawo gaisuwa, na rama, muka yi dariya, aka kawo nono. Tsakaninmu abin ya zauna daidai, sa'o'in juna ne. Da aka kira ta, ta durƙusa daga nesa. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na ce na yi kuskure. Ta ce, "Ba komai, Baba." Irin ba komai ɗin da ke da komai.

Litinin, 28 ga Oktoba
Na faɗa wa aji laifin nawa ne, kafin nasu. Musaddiƙ ya sunkuyar da kai. Kujerarta dai wayam.

Laraba, 30 ga Oktoba
Ta zo, ta zauna kusa da ƙofa. Na sake buɗe maganar burtali, ban kira sunan kowa ba, na ce mai so ya yi magana. Na ji kamar in fara da kaina, na danne. Sai ta ɗaga hannu, ta ce ita ɓangaren manoma za ta kare, wani ya kare makiyaya in ya isa. Musaddiƙ ya ɗauka, ya yi ta tuntuɓe, ta gyara masa sau da yawa.

Har aka tashi ban sa baki ba.