Sunan da Ba Ta Faɗa

Tudun Wada, Zariya
Ranar Talata

Zuwa ga ɗana Salmanu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiyar Allah. Na rubuto ne domin a waya kana katse ni, takarda kuwa dole ka bi ta har ƙarshe. Ka yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne.

Shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, a shekarar aka kawo uwarka gidan nan. Daga ranar zuwa yau, shekara hamsin da 'yan kai, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Naka ma haka, tunda kai ne ɗan fari. Ni Malam ne, kai kuma yayan Bahijja. Ka sani, ko Abuja ta mantar da kai?

Yanzu ƙanwar taka Bahijja ta ce mini za ka aiko mota ran Litinin a ɗauke uwarku, wai ta daina gane mijinta da ɗanta. To ga yadda aka yi. 'Yarka Sumaiya ce ta shiga da ita wurin likita, ni aka ajiye ni a benci a waje don ba na jin Turanci. Aka tambaye ta sunan maigidanta, ta sunkuyar da kai. Aka tambaye ta sunan babban ɗanta, ta ja mayafi ta rufe baki. Sai aka rubuta ta manta. Likitar 'yar Gabas ce, ban ga laifinta ba. Sumaiya kuwa a can ta tashi, inda mace ke ƙwala wa mijinta kira kamar mai kiran ɗan acaɓa. Amma kai, da ta bugo maka tana kuka, me ya hana ka tuna uwar da ta haife ka?

Jiya na ɗauki hotunan kan nata na koma asibitin da ƙafata. Likita Ugochinyere tana jin Hausa sarai, ashe ba wanda ya ce mata akwai ni. Ta ce ƙarin da ke cikin kan, gashin da aka yi masa da na'ura ya cinye shi, alhamdu lillahi. Sai dai akwai wasu siraran magudanai da ruwa ke bi yana wanke dattin ƙwaƙwalwa, kuma a ɓangaren da aka gasa ruwan ya rage gudu. Injin nan mai ƙara da aka tura ta ciki shi ya auna. Tana ta neman yadda za ta fahimtar da ni, na ce ta huta. Shekara talatin ina ginin kwalbati daga Kongo zuwa Gyallesu, na san halin da unguwa ke shiga idan magudana ta cushe.

Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce ba ta san ko gudun zai dawo ba sai an sake hoton nan da wata uku, a injin da ya ɗauki na farko, a gwada su biyun. Da na gaya mata maganar suna, ta riƙe baki, ta ɗauki biro ta soke abin da ta rubuta.

Saboda haka ka riƙe motarka. Ba kayan ɗaki ba ce da za a kwashe ta ba a tambaye ni ba.

Ka gai da mutanen gida.

Mahaifinka,
Nagoda

Tudun Wada, Zariya
Ranar Lahadi

Salmanu,

Gaisuwa da fatan alheri, ya yara? Na ji amsarka ta bakin Bahijja, cewa tsoho na da taurin kai kuma mota na nan tafe. Taurin kan na karɓa.

Akwai abin da na ɓoye a waccan takarda, kuma ba zan je gaban Allah da shi ba. Uwarka na mantuwa. Sau biyu take zuba gishiri a miya, in ci in yi shiru. Makon jiya ta je kasuwar Tudun Wada ta rasa hanyar gida, a bakin kantin Nnamdi na same ta zaune, ya ba ta kujera. Na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa.

Yau da hantsi ina zaure tare da Malam Jamaluddeen maƙwabcinmu, uwarka ta leƙo da kwano a hannu, ta kira ni da sunana ta ce ga kokona. A fili, a gaban mutum. Ba ta kama baki ba, ba ta ma san ta yi ba, ta juya ta koma ciki. Malam Jamaluddeen ya ɗauki takalmansa ya fita ko sallama babu. Kokon yana nan inda ta ajiye shi.

Da a gidanka ta faɗa, da kun yi ta murna kuna buga waya cewa Inna ta warke, ta tuna sunan Baba. Wa zai san cewa yau ne abin tsoron ya faru? Kuna da boko, kuna da manyan asibitoci, amma injin ruwa kawai yake aunawa, bai san wace ce ita ba kafin ciwon. Wannan ni kaɗai na rage da na sani.

Gobe da sassafe zan sa ta a keke mai ƙafa uku mu tafi wurin likitar, in ce ta rubuta abin da ya faru yau, da na gishirin, da na kasuwar. Ba zan ƙara zama a benci ba. Direbanka in ya iso zai tarar da tuwo a wurin Bahijja, ya ci, ya ɗauko maka wannan takarda a maimakonta. In kana son ganin uwarka ka zo da kanka, tun tana jin kunyar sunanka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Nagoda