Na saka bidiyon rugar su Inna Hajjo a shafinmu, yanzu ana tambayar hanya

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da rubutuna, firamare kawai na gama, kuma ina rubutun nan ne da yarinya a cinya.

Ni 'yar wajen Kiru ce, ina da aure da 'ya ɗaya mai shan nono. Sana'ata man shanu, ɗanye da soyayye. Gado na yi, mahaifiyata ma shi ta sayar, kuma tun zamanin mulkin soja kafin a haife ni wajen mace ɗaya take saro, wata Bafulatana da muke ce wa Inna Hajjo, rugarsu tana can ciki bayan Ɗansoshiya. Da mahaifiyata ta rasu Inna ba ta yar da ni ba, duk ranar kasuwa sai ta biyo ta gidana da ƙwaryarta, 'yata take ce min, da na haihu kindirmo ta yi ta aiko min har na yi arba'in.

Bara maigidana ya sa wani mai shagon kwamfuta a Tudun Wada ya buɗe mana shafin intanet na sana'ar, ya koya min saka hoto da bidiyo ta waya, da canza farashi, da amsa masu tambaya. Shi maigidan yana da shago a Kwanar Dangora, shi yake ba direbobi kaya su kai Kano da Zariya, ni nake kula da shafin. Na ma fara gane kansa, na lura in na ɗauki hoton man da hantsi a ƙofar ɗaki ya fi fitowa ja-ja-ja, kuma mutane sun fi tsayawa kan abu mai motsi. Matsalar ita ce masu kwament, wannan ya ce an haɗa da bota, wannan ta ce ai duk haka kuke cewa na asali. Da na yi wa mai kwamfutar ƙorafi sai ya ce in nuna musu inda man yake fitowa, wai shi yake jawo kwastoma.

Ana haka surukar Inna ta haihu, na je suna rugar. Na ce mata ina so in ɗauke su suna kaɗa nono, ta yi dariya ta gyara ɗankwali ta ce, “Ɗauke ni da gorata 'yata, amma ban da shanu, kin san mutanenmu.” Kuma na sani wallahi. Bafulatani ba a ƙirga masa shanu, ba a tambayarsa nawa ne, ko nuna saniya da yatsa ba sa so. Amma da ta shiga bukka sai ga garke yana dawowa daga kiwo, farare ƙal, layi har ba a ganin ƙarshensa, yara na gudu a gefe, na ce a raina wa zai ƙara cewa bota in ya ga wannan. Na juya wayar. Tsamiyar da ke bakin mashigin rafi ta fito, dutsen bayansu ya fito, kuma da bakina na faɗi sunan wajen don a yarda da ni. Na dawo gida na ɗora a shafi.

Abin ya tafi fiye da tunanina, aka yi ta turawa guruf-guruf, oda ta yi ta shigowa har man ya kasa, ina ta murna. Sai satin da ya wuce wani ya kira lambar da ke shafin, muryarsa a natse, ya gaishe ni har da tambayar yara. Bai tambayi farashi ba. Ya ce rugar wane Arɗo ce, na faɗa. Ya ce garken duk na gida ɗaya ne, na ce ina jin haka. Ya ce babur yana iya ƙetare rafin nan yanzu da damina? Sai ya ce akwai sabis a wajen kuwa? A nan na fara zarginsa. Na ce malam me za ka yi da sabis, ya ce ai kamfanin madara ne za su riƙa saye. Ni na taso cikin masu sayen nono, mai saye ƙwarya nawa ake samu yake tambaya, ba ruwansa da sabis. Na kashe. Tun ranar in na kira lambar a kashe take.

Shekaranjiya kuma maigidana ya dawo ya ce wasu mutum biyu a babur sun tsaya shagonsa, ba su sayi komai ba, suka nuna masa bidiyon suka ce ta ina ake bi. Ya ce musu bai sani ba. Da na gaya masa maganar kiran ransa ya ɓaci sosai, ya yi ta faɗa, ya ce in goge in ja bakina in yi shiru, wataƙila ma da gaske masu madarar ne, amma in wani abu ya faru aka ji daga wayata ya fito infoma za a ce mana, kuma na san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma. Na ce to a gaya wa mai gari, ya ce in magana ta je kunnen 'yan sa-kai ƙila su Arɗon za a fara tuhuma a ce baƙinsu ne. Na goge, amma mai kwamfutar ya ce wanda mutane suka riga suka sauke ba ya gogewa, jiya ma maƙwabciyata ta nuna min shi a wayarta tana yi min barka.

In na gaya wa Inna, Arɗo zai ce ita ta shigo musu da kaɗo, wato ni Bahaushiya, da waya, tsohuwa ce, ban san me zai biyo baya a kanta ba, kuma ƙila su kwashe su yi wajen Doguwa su bar masararsu a gona ba ta nuna ba, a kan abin da ƙila ba komai ba ne. In kuma na yi shiru aka je musu fa? Ba shanun kaɗai ba, akwai jaririn da na je sunansa. Wancan zuwan da ta yi kasa haɗa ido na yi da ita, har ta ce, “Ke ko mijin ya hana ki tuwo ne, kin koma kamar saniyar rani,” na yi yaƙe kawai.

Ban taɓa tsallake maganar mijina ba. Gobe kasuwa, da hantsi za ta yi sallama. 'Yan uwa, in auna man in sallame ta kamar kullum, ko in ja ta ɗaki in gaya mata? In gaya matan ne, da wace kalma zan fara?