Hawayen da Na Hana Humaira

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025

Wata takwas ke nan da katangar ɗakinmu ta faɗa wa 'yata Khaulat a ruwan Agusta, ta rasu. Wata takwas kuma yayarta Humaira ba ta ce uffan ba. Yarinya 'yar shekara bakwai, wadda a da sai na roƙe ta take rufa mini baki. An sha rubutu, an yi tofi, surukata Inna Hure ta yi turare har ta gaji. Yau buhun dawa ya faɗi a zaure, sai ga Humaira ƙarƙashin rumbu tana makyarkyata. Ga damina tafe. Tsoro nake ji, wallahi.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Babansu ya kai mu wani ƙaramin asibiti a wajen Tofa, wurin wata ma'aikaciya, Malama Maimunat. Na zaci allura ce ko ƙwaya. Sai ta shimfiɗa tabarma ta zauna da yarinya a ƙasa, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki, wai a shaƙi iska a fesar a hankali kamar mai hura kunu. Wai tsoro a jiki yake maƙalewa, ba a ka kaɗai ba. Na ce a raina, mun baro aiki mun zo hura kunun da babu shi.

Da za mu fito ta ce, "Maman Humaira, ke fa?" Na ce lafiyata lau. Ta dubi kafaɗar da nake ta dafewa.

Talata, 6 ga Mayu

Ba canji. Haushin kowa nake ji.

Asabar, 17 ga Mayu

Yanzu kuma lugude. Malama ta ce mu riƙa daka tare a turmi ɗaya, in na saki ta ɗaga, har jikinta ya kama kiɗan. Na samo mata ƙaramar taɓarya. Inna Hure ta riƙe haɓa: "Ikon Allah! Asibiti ya koma rubuta wa mutane surfe." Amma fa da muka gama na ga kafaɗunta sun sauko, kuma ta cinye tuwonta tas.

Laraba, 28 ga Mayu



Malama ta ba Humaira yumɓu ta gina abin da take so. Ta gina 'yar tsana ta kwantar, ta gina wata a tsaye, sai ta sa babban yatsa ta shafe wa ta tsayen idanu. Malama ta tambaye ni a hankali ko Humaira ta yi kuka ranar rasuwar.

Ta yi mana. Mata cike da gida, tana ta kiran ƙanwarta. Na damƙe hannunta na ce, "Yi shiru! Hawayenki wuta ne, ƙona ta yake yi a kabari." Haka aka faɗa mini da babana ya rasu, ni ma na maimaita. Nan take ta haɗiye kukan. Tun daga ranar ne ba a sake jin muryarta ba.

Ina ta zagin katanga, ashe ni ce.

Litinin, 2 ga Yuni

Na tura babansu wurin liman, Malam Tahir. Ya ce hawaye rahama ne, kururuwa da yage tufafi aka hana. Na faɗa wa Humaira har sau uku. Kallona kawai ta yi. To me zai sa ta yarda? Ba ta taɓa ganin nawa ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Hadari ya haɗo bayan la'asar muna tsakar lugude. Tsawar farko, Humaira ta saki taɓarya ta sandare. Na ja ta zaure, na ɗora hannunta a ƙirjina, nawa a nata, na ce mu hura kunu. A numfashi na uku nawa ne ya maƙale. Ban san lokacin da na kira Khaulat ba, sunan da rabona da furta shi tun Agusta. Na yi kuka a gabanta, kuka sosai.

Ta shafi kumatuna, ta daɗe tana duban yatsanta. Sai na ji murya a dishe: "Umma, bai ƙona ni ba."

Sannan ta fashe da nata. Mun daɗe a haka, ruwa na zuba. Dawa ta jiƙe a turmi, Inna Hure ko faɗa ba ta yi ba.

Alhamis mai zuwa za mu koma. Zan ce Malama ta duba mini kafaɗar nan. Kafaɗar kawai.